Usman ɗinmu ba ya amsa Usman

A Danchadi, in ka tsaya bakin masallaci bayan la'asar ka kira "Usman!", da wuya wani ya waigo. Amma ka ce "Shehu!" sai ka ga kawuna sun ɗago ta ko'ina, daga mai shayi har ɗan acaɓa. Ranar suna liman ya raɗa Usmanu, an yanka rago, an raba goro, amma kafin a ɗaga tabarmi kakar yaron ta riga ta ce, "Ku miƙo min Shehuna in gane shi."

Haka muke yi, kuma da dalili. Sifawa ga ta nan kusa da mu a ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Bakinmu ba ya iya kama sunan Mujaddadi tsirara, ko da jariri ne ya gaje shi, sai mu lulluɓe shi da laƙabin girma. Shehu kalmar Larabci ce, shaihu, wato dattijo ko babban malami. Fodiyo kuwa Fillanci ne, ma'anarsa malami. Maƙwabcinmu da ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983 ma Usmanu aka raɗa masa, duniya kuma ta san shi da Shehu Shagari: laƙabi a gaba, sunan garinsu a baya.

Malaman zaure sukan ce a ƙamus ɗin Larabci usman ɗan tsakon wani tsuntsu ne dangin tuje. Ba mai raɗa sunan saboda tsuntsu. Saboda Sayyidina Usmanu ɗan Affan ake yi, halifa na uku, surukin Annabi (SAW) har sau biyu. Turkawa suka ce Osman, daularsu da ta kai 1922 ta ɗauki sunan kakan sarakunanta, shi ya sa a littattafan Hausa za ka ga Daular Usmaniyya biyu, tasu da tamu. Samarinmu na gidan kallon ƙwallo da ke ihun Ousmane Dembele, takwaran Shehun gidansu suke yi wa kirari.

Ba Usmanu kaɗai muke sayawa ba. Abubakar Garba ne, Umaru Sanda, A'ishatu Indo, Muhammadu kuwa a ƙasar nan sau da yawa Bello. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruka ba ta kama sunan uban miji, ko da ɗanta aka mayar wa.

Abin da ke damuna shi ne wajen rajistar katin ɗan ƙasa da jarrabawa. Yaro a firamare Shehu, a takardar haihuwa Usman, kwamfuta kuwa ta ce mutum biyu ne. Sai uba ya bar gona ya nufi kotu neman takardar rantsuwa, don ya tabbatar wa hukuma abin da kowace tsohuwa a unguwa ta sani tun ranar suna.