Samarin Kuɗin Kwata da Darasin Mai Shago

Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, matasan unguwannin Kano sukan tuna da magudanar ruwa. Sai a kafa kwamitin aikin gayya, a sayo littafi, a baza samari gida-gida neman kuɗin shebur da baro da siminti. Mai ƙaramin shago da zai zuba musu ido, ya shiga makarantar ciniki kyauta.

Na farko shi ne Alkunya. Zai yi sallama, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar iyali har ta awaki, sannan ya ce, "Baba, ko nawa ne." Baba kuwa ya ɗauke shi a kan maganarsa, ya miƙa masa naira hamsin. Wanda ke jin nauyin faɗin kuɗin kayansa, mai saye ne zai yanka masa farashi.

Sai Ƙaramin Malam. Shi da wa'azi yake farawa, daga falalar sadaka zuwa illar sauro. Kafin ya iso kan maganar kuɗi an tayar da iƙama, Alhaji ya shige sahu. Mai saye ya zo ɗaukar sabulu ne, tarihin kamfanin bai dame shi ba.

Ɗan Zuga ya fi su wayo. Littafin yake buɗewa daidai shafin da maƙwabci ya ba da dubu biyar, ya ce, "Alhaji, kai ai ba a yi maka iyaka." Nan take Alhaji zai ba da shida, ko da cefanen gobe ne. Dalilin da ya sa mai ƙosan da aka yi wa layi take ƙara samun layi ke nan.

Ga Ɗan Naci. Ka ce masa "sai gobe", kafin ka gama karin kumallo yana ƙofar gida da murmushi. Bai taɓa jin "Allah ya ba mu" ya yi fushi ba. Rabin kuɗin kwatar daga hannunsa yake fitowa, domin yawancin masu cewa gobe jira suke a tuna musu.

Ɗan Zamani ya waye tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Ka ce babu tsaba a hannunka, sai ya juya maka littafi, ga lambar asusun Opay ɓaro-ɓaro a bango. Ba zai gusa ba sai ya ji ƙarar alat. Shagon da har yau ake cewa "ba ma karɓar taransifa", cinikinsa na shagon gaba ne.

Akwai kuma Sai Baɗi. Ana gama tara kuɗi zai ɓace, kwana biyu a gan shi da sabon takalmi, kwata kuwa tana nan cike da leda. Sau ɗaya ake yi wa unguwa haka.

Na ƙarshe shi ne Ma'aji, mai biro a kunne. Ba shi da daɗin baki, amma ranar Juma'a zai liƙa lissafi a bangon masallaci: abin da ya shigo, abin da aka kashe, ragowar naira ɗari uku. Shekara mai zuwa mutane da kansu suke nemansa.

Don haka mai shago, faɗi farashinka da ƙarfi, taƙaita zance, bibiyi wanda ya ce zai dawo, ka kuma riƙe amana irin ta Ma'aji. Sauran dabarun duk na ciniki ɗaya ne, amana ce take dawo da mai saye.