Kifin Rafi da Kifin Kogo

Ga ta nan, ga ta nanku.

A can ƙasar Meksiko, a gindin duwatsun El Abra, an yi wani saurayin kifi, jikinsa kamar azurfa, idanunsa dara-dara. Wata damina ambaliya ta kwashe shi ta jefa cikin kogo mai duhu dunɗum. Ya yi gabas ya ƙume da dutse, ya yi yamma ya ƙume.

Sai ya ji murya: "Sannu ɗana. Bi a hankali, akwai dutse a damanka."

"Kawu, kana ganina ne?"

"Ba ni da ido. Matso ka shafa."

Ya matsa ya goga fuskarsa a ta dattijon, ya ji gurbin ido a shafe da fata. Ya ce, "Wayyo Kawu! Wa ya yi maka wannan ta'asa?"

Kifin Kogo ya ce, "Ba kowa. Ni da kai jini ɗaya ne. Kakannina ma daga rafi suka shigo, yau zuriyarmu tana cikin kogo kusan 30. Tun muna cikin ƙwai ido kan fara tsirowa, sai ya lalace, fata ta rufe shi. Gani abu ne mai tsada: a jikin ƙaramin kifi yakan ci har kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Nan kuwa ciyawa ba ta tsiro, sai abin da Jemage ya kasayar daga sama da wanda ambaliya ta kawo. Da me za mu ciyar da idon da ba ya aiki? Launi ma mun ajiye shi, don garkuwar rana ne."

"To da me kake tafiya?"

"Da layin nan na gefen jikina, shi ke jin motsin ruwa. Har a haɓata ina jin ɗanɗano. Barcina kaɗan ne, in na samu abinci kuma in tara kitse don ranar babu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Kwana ya ja, Kifin Rafi ya rame. Dattijo ya sa shi a baya, yana bin jan ruwa, har bakin wata tsaga.

"Kawu, zo mu fita tare."

"A'a ɗana. A can Zalɓe zai tsince ni kafin in ji motsinsa. Je ka da idonka, ka bar ni da duhuna. Kowa da inda Allah Ya ajiye masa arzikinsa."

Ƙurunƙus kan kusu.