Kajin Ƙwan da Suka Yi Cara

Tsadar ƙwai ce ta sa na zama makiyayi. Na yi lissafi a bayan takardar magani, na ga idan na ajiye kaji a bayan gidana na Gwarzo, masu shayin unguwa ma sai sun riƙa gaishe ni da girmamawa. Na sa aka gina akurki, na sayo kiret tun kafin kajin, sannan na nufi kasuwar Getso.

Mai 'yan tsakin mutum ne mai zaƙin baki. Ya ce, "Alhaji, waɗannan Shika Brown ne, irin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar. Wata biyar kawai, sai ka rasa inda za ka zuba ƙwai." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya shige ni. Kwali biyu ne a gabansa, ɗaya na jajaye, ɗaya na farare tas, kuma fararen sun fi araha nesa. Na zaɓi fararen saboda sun fi tsabta. Ya ƙara mini gyaran wasu guda biyu, na dawo ina yaba kirkinsa.

Daga nan aiki ya fara. Na kwana ina hura musu gawayi, na yi musu allurar rigakafi, buhun abinci yana bin buhu. Ɗaya daga cikin gyaran ta tashi gashinta a murɗe, duk ya juya sama. Na ce sanyi ne, na ɗura mata magani har ta fara gudu in ta hango ni. Ɗayar kuma ta ƙi tsawo, sai na ware mata kwanonta daban ina ba ta ƙarin kuzari.

Wata asuba uwargida ta tashe ni. "Maigida, kazarka ta ƙwai tana kiran salla." Kafin mako ya zagayo duk akurkin ya amsa. Maƙwabcina ya yi sallama ya ce tunda aka kafa unguwar ba a taɓa cika sahu da asuba haka ba.

Sai ga Gwaggo daga Kabo ta zo duba jikokinta. Ta leƙa akurkin, ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, wa ya sayar maka da rundunar nan?"

"Gwaggo, kajin ƙwai ne."

"Iyayensu dai. Dubi zanko, dubi kauri na ƙafa, dubi gashin wuya mai tsini. A irin jajayen nan na gidan gona, tun ranar ƙyanƙyasa ake rabawa: ja-ja mace, fari-fari namiji. Shi ya sa suke zubar da mazan da araha, kuma araha ba ta ado."

Ta ci gaba da karatun da ban biya ko kwabo ba. Burola fara ce, faɗin ƙirji gare ta, tafiya da ƙyar, a mako 6 zuwa 8 ta isa yanka. Maja launinta barkatai ne, tana ba da nama da ƙwai, tana kiwo a tsakar gida. Kazar Hausa kuwa ƙwanta kaɗan ne, amma ita ce mai kwanci kwana 21 ta fito da 'ya'yanta.

Na nuna mata marasa lafiyata biyu. Ta yi dariya har da hawaye. "Wannan shazumama ce, haka Allah Ya halicce ta. Waccan durgu ce, ko za ka ba ta tuwo da miya ba za ta ƙara tsawo ba. Su biyun nan kaɗai ne mata a gidanka."

Da salla ta matso, uwargida ta sayar da zakarun da kuɗi mai kauri, ta ce kuɗin na wadda ta sha sharar kashi ne. Ni aka bar mini shazumama da durgu. Yanzu duk mai son sayen tsaki a unguwa sai ya zo neman shawarata, ni kuma in karɓi kuɗin mota in tura shi Kabo.