Zuwa ga Surukina, Kamfanin da ke Riƙe da Sunan Shafina

Suruki, gaisuwa mai yawa, kai da na'urar nan taka mai amsa saƙo, wadda ita kaɗai ke tashi in an yi sallama a ƙofarka.

Kada kiran suruki ya ba ka mamaki. Sunan shafina ɗiyata ce. Ni na raɗa mata suna, na liƙa mata .com a wutsiya, na buga ta a jikin kowace ledar garin zogale da nake sarowa a Jiratawa ina aikawa Yamai da Kwatano. A 2019 na kai ta ɗakinka. Aure ne na ban al'ajabi, uban amarya ke biyan ango kuɗin ci da sha duk shekara, kuma da dalar Amurka, ba dalar nan tamu ta tamma biyar ba. Na biya ban ce uffan ba. Bana ka ninka kuɗin, na ce to, zama ya ƙare, ga wani manemi mai sauƙin kai. A ba mu takarda.

Takardar fa ba wata aba ce mai nauyi ba. Lambar sirri ce, ƴan haruffa da alƙaluma da ba su cika layi guda ba, sai kuma ka cire kwaɗon da ka garƙama wa sunan. Alƙalinku da kansa, wato hukumar ICANN da aka kafa a 1998 mai zama a Los Anjeles, ya ce in mai suna ya nema, kwana 5 ne iyaka.

Na rubuta. Na'ura ta ba ni lambar jira, ta ce saƙona na da daraja a wurinku. Kwana 3 shiru kamar an shuka dusa. Ran na huɗu sai ga biko: rangwame in na ƙara zaman shekara biyu. Suruki, wadda ta yi yaji ake wa biko. Mu saki muka zo karɓa.

Daga nan ka fara turo mini yaran gidanka ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai na ɗauko masa labarin tun daga ranar suna. Na fari ya ce in turo hoton katin ɗan ƙasa. Na biyu ya ce hoton ya yi duhu. Na uku, Allah ya saka masa, ya gyara mini ƙasa da kansa, ya mai da ni ɗan Najeriya. Gaskiya iyaka na nan kusa da mu a Ɗan Isa, amma har yau ba a ɗauke ta ba.

Na huɗu shi ya gama da ni. Cikin ladabi ya ce in sabunta adireshin imel ɗina tukuna, sai lamba ta zo. Na sabunta. Washegari aka ce an kulle sunan kwana 60 saboda an taɓa bayanan mai shi. Na bincika, dokar gaskiya ce, don ɓarayin suna aka yi ta, ban ƙi ba. Sai dai ita wannan dokar ta ce ku gargaɗi mutum: in tashi zai yi, ya tashi tukuna, sannan ya yi gyara. Yaronka ya karanta rabin da ya yi maka daɗi. Na zaga malaman garin nan ina tambayar inda aka taɓa yin idda kafin saki, kowa ya ce in je in sha ruwa in huta.

Kai a wurinka saƙo iska ce. Ni kowanne da kuɗinsa. Kuran ya ɗauke, in kai salula caji. Rezo ya ɓata, in hau kabu-kabu in nufi Maraɗi, in zauna har dare saboda sai mun yi la'asar sannan gari ke waye maka. Garinmu an san shi da tafki da waliyyai 99, kuma na ƙirga, "muna ba ka haƙuri" ɗinka saura kaɗan ya cim musu.

Lissafinka kuwa na gane shi. Wa'adin shekara zai cika ana tsakiyar idda. Ko in sake biyan ka, ko shafi ya mutu, sunan ya gangara inda sai an biya kuɗin fansa mai tsada, daga nan wani can ya tsince shi. Zan biya, don an riga an buga ledoji dubu.

Amma na sa alama a kalanda. Ranar da 60 ta cika zan sake sallama, in ƙirga kwana 5 da yatsun hannu ɗaya, ran na shida ƙara tana gaban alƙali. Ka turo lambar kawai. Kada ka haɗo da rangwame, kada kuma na'urarka ta tambaye ni tauraro nawa zan ba ka.

Surukinka na ɗan lokaci,
mai garin zogale, daga bakin tafkin Madarunfa.