Yadda Ake Yi Wa Waya Saki Ɗaya

Ban ce ka yi mata saki uku ba. Duk wanda ya yi haka da hantsi, kafin la'asar za ka gan shi a zauren malam yana neman fatawa. Ɗaya ya isa, don a bar ƙofar kome.

Fara da kafa hujja. A cikin saitin wayar akwai inda take rubuta awoyin da kuka shafe tare: Digital Wellbeing a Android, Screen Time a iPhone. Ka zauna tukuna kafin ka duba. Ranar da na ga nawa sai da na yi salati, na ce aikin yara ne, alhali yaran suna makarantar kwana.

Daga nan sai raba ɗaki. Ta kwana a falo. Haskenta da hirarta su ke korar barci, shi ya sa kake gyangyaɗi a sahun Asuba, in ma ka samu sahun. Na san za ka ce ita ke tashinka. Malam, ladanin unguwarku bai yi ritaya ba, zakaran maƙwabta ma yana bakin aiki.

Guruf-guruf na WhatsApp kuwa sai an bi a hankali. Ga na 'yan ajinku na firamare, ga na dangin uwa, ga na dangin uba, ga na bikin da aka yi bara, har amarya ta haihu ana nan ana turo "barka da Juma'a". Kul ka fita daga na dangi! Kafin ka ajiye wayar Gwaggo ta kira tana tambayar laifin da aka yi maka. Kashe musu ƙara kawai, ka riƙa leƙawa bayan Isha'i kamar mai zuwa gaisuwa.

TikTok rijiya ce gaba dubu, da gangan aka haƙa ta babu ƙasa. "Bari in ga ɗaya" ya sha sa tuwo ya huce.

In abin ya gagara, sayi rakani-kashi, 'yar ƙarama mai tocila, wadda caji ɗaya ke kai ta kwana uku. Ko ka bar aljihu ya yi maka wa'azi: tun Janairun 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, wa'azin ya fara ratsa jiki.

Yanzu tashi ka tafi majalisa, wayar a aljihu, ka yi sallama. Za ka tarar da kowa ya sunkuyar da kai, babu mai amsawa. Samu gefen benci ka jira cajinsu ya ƙare. Da irin wutar da ake ba mu, ba za ka daɗe ba.