Yadda Ake Ba Gwamnati Shawara Ba Tare Da An Ɓata Mata Rai Ba

Idan shekara ta doshi ƙarshe, za ka ji sanarwa a rediyo cewa gwamnati na gayyatar masu ruwa da tsaki zuwa taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗin baɗi, musamman kason da za a ware don bunƙasa sana'o'i da kasuwanci a unguwanni. Kada ka ce ba da kai ake ba. Da kai ake, kuma zuwanka yana da amfani, sai dai ba irin amfanin da kake zato ba.

Ka fara sanin dalilin da ya sa aka tuna da kai. A birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil, inda aka fara wannan abu a 1989, mutanen unguwa kan zauna su yi musu, su kaɗa ƙuri'a a kan inda wani kaso na kuɗin birni zai tafi. Mu kuwa ta wata hanyar ya fi shigo mana. Daga 2018 Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS, wanda ya riƙa ba jihohi tukuicin daloli idan sun wallafa kasafinsu a intanet, suka kuma nuna shaidar cewa sun tuntuɓi talakawa. Shaidar nan kuwa ita ce sa hannunka a takardar halarta da fuskarka a hoto. Saboda haka ka karya hularka da kyau, ka rubuta sunanka yadda zai karantu. Da ka yi wannan, ka sauke rabin nauyin da ke kanka.

Katin gayyata zai ce ƙarfe tara. Ka yi karin kumallonka a tsanake, ka isa sha ɗaya da rabi. Babban baƙo zai iso sha biyu da rabi, kuma ba shi ba ne, wakilinsa ne. Kujerun kushin na gaba ba naka ba ne. Nemi ta roba kusa da fanka. Za a buɗe da addu'a, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ke kan hanya, a yi jawabin maraba, a yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Sannan wani darakta ya haska alƙaluma a jikin bango, ƙanana ƙwarai, ya riƙa ambaton biliyoyi. Duk inda ka ji biliyan, ka gyaɗa kai. Ana saura kwata a kira Azahar mai gabatarwa zai duba agogo ya ce, “Jama'a, lokaci ya ci mu. Mutum biyar za mu ɗauka, minti bibbiyu.”

In Allah ya ci da kai abin magana ya zo hannunka, kada ka yi gaggawa. Ka gai da wakilin babban baƙo, ka ce ranka ya daɗe ga hakimi, ka yi wa dagaci da mai unguwa Allah ya ja zamani, ka jinjina wa ciyaman da kansila, kada ka manta da shugabar mata. Minti ɗaya da rabi ke nan. A sauran rabin, ka ce aikin da ake yi ko makaho ya shafa ya ji, illa dai ana roƙon ƙari. Za a tafa maka fiye da kowa.

Abin da za ka roƙa shi ne inda ake gane gwani. Sabon shiga ne ke miƙewa ya ce taransifomar layin 'yan walda ta ƙone tun bara, masu walda da teloli sun koma sayen fetur, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ribarsu a janareta take ƙarewa. Ko ya ce a gyara kwalbatin bakin kasuwa don motar kaya ta riƙa shiga, ko a kafa wa mata masu ƙosai da awara rumfa, ko a rage yawan masu zuwa da rasit kala-kala suna karɓar haraji a shago ɗaya. Waɗannan buƙatu ne marasa ladabi. Kowacce tana da adireshi. Taransifoma ko tana nan ko ba ta nan, yaro ma zai iya zuwa ya duba ya dawo ya ba da labari. Bai kamata ka jefa shugabanni cikin irin wannan hali ba.

Kai dai ka ce a koya wa mata da matasa sana'a, a ba su tallafi. Wannan buƙata ce mai albarka, domin ba a auna ta da tef, ba a kuma ɗaukar hotonta bayan wata shida. Hukumar ICPC, wadda ta soma bin diddigin ayyukan mazaɓu a 2019, ta sha kokawa cewa irin waɗannan shirye-shirye ne suka fi wuyar bibiya. A shekarar ce ma Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya a ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Ka ga ashe hanya ce da aka daɗe ana bi, ba ta da gargada.

Ga yadda za ta kasance in an amsa roƙonka. Za a tara matan mazaɓa ɗaya kwana uku a koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, dukansu iri ɗaya, ƙamshi ɗaya, a ba kowacce takardar shaida da bokiti. Mako na zagayowa kowane gida a layin yana sayar da sabulu, ba mai saye, sai dai maƙwabciya ta ba maƙwabciya kyauta. Ranar rabon kaya kuma za a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da na taliya a filin sakatariya, an ɗaure su da ribon. Ka lura da mutanen nan da ke zaune a inuwar bakin ƙofa da jaka a hammata. Dillalai ne. Wanda aka ba keke bai taɓa zura zare a allura ba, telan da ya shekara goma yana hayar keke kuma sunansa bai fito ba, to ka ga dole a samu mai sada su. Kada ka tambayi wanda ya rubuta sunayen. Rubutun hannun zai yi maka kama da na wani da ka sani, kuma za ku haɗu a masallaci.

Akwai kuma wani ilimi da ya kamata ka guje wa. Idan aka ce an ware wa aiki miliyan hamsin, ka yi murna nan take, ka kira 'yan'uwa ka faɗa musu. Kada ka bari wani ɗan boko ya yi maka bayanin cewa warewa daban, amincewar majalisa daban, sakin kuɗi daban, yin aikin kuma wata duniya ce. Jihohi kan wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku, inda ake nuna abin da aka ware da abin da aka kashe gefe da gefe. Kada ka buɗe shi a wayarka. Yana cin data, yana kuma tayar da hawan jini.

Shi ma ciyaman ka tausaya masa. Shekara da shekaru yana da amsa guda mai kwantar da hankali: kuɗin suna asusun haɗin gwiwa, sai abin da jiha ta sako. Sai ga Kotun Ƙoli ranar 11 ga Yulin 2024 ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, don haka idan ya maimaita maka tsohuwar amsar, ka karɓa. Mutum ba ya rabuwa da uzurin da ya saba da shi dare ɗaya.

Babban haɗarin dai yana cikin unguwarku. A kowace unguwa ba a rasa wasu masu taurin kai da ke taruwa a ƙofar gidan mai unguwa tun kafin ranar taro: shugaban teloli, na 'yan walda, uwar adashi, wani malamin makaranta mai ritaya. Sai su yi ta musu har su tsaya a kan buƙatu uku kacal, su rubuta da sunan layi da kiyasin kuɗi, mai unguwa ya sa hannu, su kai sakatariya, su kuma ƙi tafiya sai an buga musu hatimin karɓa a kwafinsu. A jihar Kaduna har tsari aka yi wa wannan ɗabi'a, inda al'ummomin mazaɓu 255 ke rubuta abin da suka fi buƙata don a duba shi wajen tsara kasafi. Irin waɗannan mutane ba su san an gama taro ba. Bayan wata uku za ka gan su sun koma da kwafin nan a cikin leda. Wasunsu har sun san cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takarda, wasu kuma suna tura hoton aikin da aka yi watsi da shi ga Tracka ta ƙungiyar BudgIT. Wani lokacin, abin takaici, sai ka ga an kawo musu taransifomar don a huta da su. Amma ka duba abin da suka rasa: ba a sa su a kwamiti, ba a kiransu ɗaurin auren 'yar kansila, in sun shigo ofis kowa sai ya tuna yana da waya.

Kai ba ka cikin wannan wahala. Abu ɗaya ya rage maka, kuma shi ne ba a wasa da shi: kuɗin mota. Tun ana jawabin godiya ka gano wanda ke riƙe da ambulan, ka matsa kusa da shi, domin da an shafa fatiha ba za ka sake ganinsa ba sai baɗi.