Kwarin Jauro Ya Sha Ado, Baka Ba Tsirkiya

Jauro bawana! Kada ka ce ban gan ka ba. Alhamis ɗin da ta wuce ina rumfar mai shayi a Maigatari, daura da kara, ka gifta kana taƙama kamar wanda ya sayar da bijimi goma. Ashe ɗan maraƙi ɗaya ka kaɗar, wai za ka haɗa kwari da baka saboda ɓarayin shanu.

Na bi ka da ido har wajen dukawa. Sa'a guda cur kana juya kwari: wannan jansa bai yi ba, wancan tuntayensa sun yi kaɗan. Ƙarshe ka ɗauki mai kore da ja, ka sa aka ɗinka masa layu uku, sannan, Allah shaida, ka nemi a manna maka ɗan madubi a gefe. Madubi, Jauro! Ɓarawo na kora shanu kai kana duba ko rawaninka ya karkace?

Da ka je gun maƙeri kuwa, ko zama ba ka yi ba. Ka ce a ba ka kibau goma, ka watsa a kwari kamar tsinken tsire. Maharbin kirki ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka. Ya kanne ido ya bi ƙyauron da kallo daga gindi zuwa baki, ya murza shi a tafin hannu ya ga ko yana rawa. Ya taɓa kunnen kibiyar da ɗan yatsa, ya duba ɗaurin da ya riƙe ƙarfen. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa, saboda haka in ƙyauro ya karkace babu mai gyara mata hanya. Ka nufi Gagarawa ta sauka Sule Tankarkar. Biyu daga cikin naka, daga inda nake zaune ma na hango sun yi doro.

Sai ga ɗanka ɗan boko ya zaro waya yana nuna maka bakan 'yan Koriya ta Kudu, ka buɗe baki har ƙuda ya kusa faɗawa. Bari in fassara maka abin da ka gani, tunda aikin ubangida ne ya wayar da bawansa. Ɗan ƙarfen da ke gaba na saiti ne. Doguwar sandar da ta yi tsini kamar ƙahon bunaji, nauyi ce da ke hana bakan rawa. Fatar da ke damtse zuwa wuyan hannu tana kare mutum daga bulalar tsirkiya, ƙaramar kuma ta yatsu ce. Daga nisan mita 70 suke harbi a gasar Olamfik, kuma matan ƙasar ba su taɓa sakin zinaren ƙungiya ba tun 1988 har 2024. Mata, Jauro. Kai da ka jefi akuya da sanda daga taku biyar ka sami ƙwaryar nonon Inna Wuro.

Na ji kana tambayar dafi ma. Ka rufa mana asiri. Dafin ƙwanƙwani zuciya yake tsayarwa, kai kuma da kibiya kake sosa ƙeya in tunani ya yi maka yawa.

Yanzu na gane wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Tutocinku na jihadi, ku Fulani, sun shiga Kano, sun shiga Katsina, sun shiga Haɗeja, amma Gumel ta Mangawa ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba. Kakannina suka taso daga Tumbi a 1845 suka kafa zama a nan, suka yi ta gwabzawa da maƙwabta shekara da shekaru. Na san za ka ce ai Sarki Abdullahi a rikicin Haɗeja ya tafi a 1872. Na ji, harbi a wutsiya ya fi kuskure. Amma garin yana nan, kuma ina zargin duk ranar da aka ce a fito a ci Gumel, kakanka yana wajen dukawa yana zaɓen tuntu.

Da la'asar na gan ka a tasha, kwari a kafaɗa yana walƙiya, baka a hannu miƙe sambal kamar sandar kiwo. Na ƙura ido sosai. Babu tsirkiya, Jauro. Kuɗin sun ƙare a madubi.

Akwai wata a ɗakina, murɗaɗɗiyar fata ce ta kakana, tana rataye tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Ka zo Gumel da ƙwaryar kindirmo biyu da man shanu, ka durƙusa a zaure ka ce "ranka ya daɗe, ubangidana" sau uku. Ka zo da kanka, kada ka aiko yaro. Kuma ka bar kibau a ruga, ina da awaki a tsakar gida.